Tarihin Alƙalamin Na'ura da Gilashin Taɓawa, Daga Ɗakunan Bincike Zuwa Ƙasar Birnin Gwari

Fasahar taɓawa ita ce hanyar da mutum ke ba kwamfuta ko waya umarni ta ɗora yatsa, ko wani tsinke mai siffar alƙalami, a kan fuskar na'urar kai tsaye, ba tare da ya bi ta maɓallai ba. Fuskar irin wannan na'ura hawa biyu ce, ko da yake ido na ganin ta kamar abu guda: akwai ta ƙasa mai nuna hoto da rubutu, wadda masu gyaran waya ke kira sikirin, akwai kuma ta sama mai jin taɓawa, wadda suke kira tac, shi ya sa waya kan faɗi hotonta ya rage garau amma ta daina amsa yatsa. Tarihin fasahar kusan dukkansa ja-in-ja ne tsakanin alƙalami da yatsa, kuma kowanne ya yi zamaninsa.

Alƙalamin da ba ya shan tawada ya girmi takarda. Fiye da shekara 5,000 da suka wuce, marubutan ƙasar da ake kira Iraƙi a yau suna danna bakin kara a kan ɗanyen yumɓu, Rumawa kuma daga baya suka riƙa karta rubutu a kan allon da aka shafe da kakin zuma, da wani tsinken ƙarfe ko na ƙashi mai tsini a gefe ɗaya da faɗi a ɗaya gefen domin gogewa, kuma daga sunan wannan tsinke a Latin Turawa suka samo sunan alƙalamin na'ura. Bahaushe bai rasa makamancin wannan ba, domin allon makaranta, wanda ake rubutawa da alƙalamin gamba a wanke a sake rubutawa, shi ma fuska ɗaya ce mai ɗaukar darasi bayan darasi.

Haɗa alƙalami da lantarki ya fara ne a 1888, lokacin da Elisha Gray na Amurka ya yi rajistar wata na'ura mai aika rubutun hannu ta wayar tangaraho, inda alƙalamin da ke can nesa ke kwaikwayon motsin na hannun marubuci. A shekarun 1950 aka samar da alƙalamin haske, wato tsinke mai ido a baki wanda ke gane inda hasken sikirin ya gifta, aka yi amfani da shi a cibiyoyin tsaron sararin samaniyar Amurka, sannan a 1963 Ivan Sutherland na cibiyar MIT ya nuna manhajarsa ta Sketchpad, wadda da ita mutum ya iya zana layi a fuskar kwamfuta ya ja shi ya gyara. Shekara guda bayan haka cibiyar RAND ta fitar da allon zane na lantarki da ake shimfiɗawa a kan tebur, saboda ɗaga hannu zuwa sikirin na tsawon sa'o'i yana gajiyar da kafaɗa.

Yatsa ya shigo fagen ne daga Ingila. A 1965 E. A. Johnson, injiniya a cibiyar binciken rada da ke Malvern, ya wallafa bayanin wata fuska mai gane yatsa domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Hikimar ita ce jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, don haka idan aka shimfiɗa siririn caji a kan gilashi, yatsan da ya kusance shi zai janye kaɗan daga ciki, na'urar kuma ta lissafa wurin da aka samu canjin. Bent Stumpe da Frank Beck sun ƙera irin wannan gilashi a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba a farkon shekarun 1970, domin rage dubban maɓallan ɗakin sarrafa injinansu. A daidai wannan lokaci Samuel Hurst na Jami'ar Kentucky ya bi wata hanya dabam, wadda ta dogara da matsi: leda biyu masu ɗaukar lantarki da ɗan rata a tsakaninsu, waɗanda ke haɗuwa a duk inda aka danna. Wannan nau'i bai damu da abin da ya taɓa shi ba, ko farce ne ko tsinke ko murfin biro, kuma arha da juriyarsa suka sa ya mamaye kasuwa kusan shekara 30. Hanya ta uku ita ce ta zaren haske marar ganuwa da ake giciyawa a gaban sikirin, yadda yatsa zai katse shi, kamar a na'urar koyarwa ta PLATO IV ta Jami'ar Illinois a 1972 da kwamfutar HP-150 ta 1983.

Shekarun 1990 na alƙalami ne. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, ya samar da alƙalamin da ba shi da waya ba shi da batir, yana jan ƙarfinsa daga maganaɗisun allon, yana kuma gane nauyin hannun mai zane. GRiDPad ta fito a 1989, Newton ta kamfanin Apple a 1993, wayar Simon ta IBM a 1994, dukkansu da alƙalami, sai dai na'urorin sun sha wahalar karanta rubutun hannu, har Newton ta zama abin ba'a a jaridu. Pilot ta kamfanin Palm, wadda ta fito a 1996, ita ce ta yi nasara, ita ma don ta juya lamarin ne, ta tilasta wa mutum koyon wasu sauƙaƙan haruffa da ake ja da zara ɗaya.

Abin da ya karya mulkin alƙalami shi ne gilashi mai gane yatsu da yawa a lokaci guda. An fara gwajinsa a Jami'ar Toronto a farkon shekarun 1980, Wayne Westerman da John Elias suka kafa kamfanin FingerWorks a kansa a 1998, Apple ya saye kamfanin a 2005, kuma a Janairun 2007 Steve Jobs ya gabatar da iPhone yana kushe alƙalami a fili, bisa hujjar cewa ɓata yake yi alhali yatsa na tare da mai shi. Alƙalamin bai daɗe a kwance ba, domin Samsung ya dawo da shi a wayar Galaxy Note a 2011, Apple da kansa ya fitar da nasa a 2015, amma tun daga nan ya zama kayan aikin masu zane da masu rubutu, yatsa kuwa ya zama na kowa.

A Najeriya wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001, kuma shekaru goma na farko na wayoyin maɓalli ne. Gilashin taɓawa ya bazu a Arewa ne bayan da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, musamman Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka cika kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano, har jama'a suka raba waya gida biyu, babba da ƙarama. Amfanin da ya fi taɓa harshen Hausa ba a cika ambatonsa ba. Maɓallin roba ba ya canzuwa, shi ya sa tsofaffin wayoyi ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, amma maɓallin da aka zana a kan gilashi manhaja ce kawai, ana iya ƙara masa kowane harafi, kuma ta wannan ƙofa haruffa masu lanƙwasa suka shiga wayar talaka. Wanda bai yi boko ba shi ma ya samu rabonsa, domin taɓa hoton ɗan'uwa a kira shi, ko danne alamar makirfo a aika saƙon murya, ba ya buƙatar sanin baƙi ko wasali.

Jihar Kaduna ta gwada wannan hujja a fagen siyasa. A zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Mayu, 2018, hukumar zaɓen jihar ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a mai gilashin taɓawa, karo na farko a Najeriya, inda mai zaɓe ke taɓa tambarin jam'iyyarsa ya tabbatar, na'urar ta buga 'yar takardar shaida. An maimaita a Satumbar 2021, amma Birnin Gwari, wadda ke da mazaɓu 11 ciki har da Kazage, tana cikin ƙananan hukumomin da aka ɗage zaɓensu a ranar saboda matsalar tsaro. A ƙarshen wannan wata ne kuma gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan sadarwa a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, ciki har da Birnin Gwari, na kusan wata biyu, lamarin da ya mayar da babbar waya fitila da rediyo a ƙauyukan da ke bakin dazukan Kamuku da Kuyambana, ya kuma tsayar da masu sana'ar POS waɗanda a wurare da yawa su ne madadin banki. A zaɓen ƙasa na 2023 na'urar BVAS, wadda ita ma ƙaramar kwamfutar taɓawa ce mai tantance yatsa da fuska, ta yi aiki a rumfunan zaɓe sama da 176,000, yayin da jihar Kaduna ta koma ƙuri'ar takarda a zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024.

Akwai wata matsala da hannun manomi ya fi kowane hannu saninta. Gilashin da ke dogara da lantarkin jiki yana son fata mai laushi da ɗan danshi, saboda haka yatsan da fartanya ta yi wa kanta, ko wanda hunturu ya busar, sau da yawa sai ya taɓa sau biyu ko uku kafin waya ta amsa, gumi da ruwan damina kuma sukan ruɗa ta ta riƙa taɓa kanta. Waɗanda suka tsara fasahar hannun ma'aikacin ofis suka sa a gaba, kuma wannan gazawa ce ta masu ƙira, ba ta manomi ba. Ƙaramin alƙalami mai bakin roba, wanda ke isar da lantarkin tafin hannu zuwa gilashi, yana rage wannan wahala, yana kuma ba alaramma damar rubuta ajami da hannunsa yadda ya saba a kan allo, ba tare da jiran wani kamfani ya zana masa haruffa ba. Ya kamata masu sayar da waya da masu koyar da fasaha a Kazage da sauran ƙasar Birnin Gwari su ba wannan alƙalami muhimmanci.