Awon Kiton a Jiki ga Masu Rage Cin Abinci Mai Sitaci

Kiton wani sinadari ne da hanta ke samarwa daga kitse idan jiki bai samu isasshen suga da zai ƙona ba. Kowa yana da shi ɗan kaɗan, musamman bayan doguwar yunwa ko azumi. Yana ƙaruwa idan mutum ya rage abinci mai sitaci sosai, yawanci ƙasa da giram 50 a yini. Likitoci a Amurka sun fara amfani da wannan tsarin abinci a shekarar 1921 don yara masu farfaɗiya, daga baya masu ƙiba da masu ciwon suga suka rungume shi.

Giram 50 ba abu ne mai yawa ba. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai kusan giram 45. A Jega da Maiyama, inda tuwon shinkafa, tuwon dawa, fura, kunu da masa su ne cimar yau da kullum, malmala ɗaya ta isa ta cinye kason yini guda. Shi ya sa yawancin masu cewa suna bin tsarin, ragewa kawai suke yi, kuma kiton ɗinsu ba zai hau ba. Wannan ba gazawa ba ce. Rage tuwo da barin lemon kwalba yana saukar da suga ko da awo bai nuna kiton ba.

Yadda ake aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce tsinken fitsari: a tsoma, a jira daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalbar, a gwada launin da jadawalin. Yana da araha, amma abin da yake nunawa shi ne kiton ɗin da jiki ya zubar sa'o'i da suka wuce. Ƙarancin ruwa a jiki yana sa launin ya yi duhu, shan ruwa da yawa kuma yana sa ya dushe. Zafin Maris da Afrilu yana lalata tsinkayen, don haka a rufe kwalbar da kyau, a ajiye ta a inuwa, kada a bar ta cikin mota ko a bakin taga. Yawancinsu ba a amfani da su bayan wata shida da buɗewa.

Awon jini ya fi inganci. Ana tsaga yatsa kamar awon suga, sai dai na'urar da tsinken na musamman ne, kuma sun fi tsada. Akwai na'urar hura numfashi, amma ba a dogara da ita wajen yanke hukunci a kan mara lafiya.

Ga mai lafiya da ke bin tsarin, kiton a jini kan tsaya tsakanin 0.5 da 3.0 mmol/L. Hawan lambar ba ya nufin kitse na narkewa da sauri. Wanda ke kan 0.7 zai iya fin mai 2.5 raguwa.

Mai ciwon suga ya karanta nan da kyau

Lambar da ba ta da illa ga mai lafiya tana iya zama ƙararrawa ga mai ciwon suga. Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, kiton yana taruwa har jini ya yi tsami. Likitoci na kiran wannan DKA, kuma yana kisa idan aka yi jinkiri. Ya fi samun masu nau'i na ɗaya, da wanda ya daina allurarsa, da wanda zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta ta kwantar.

A auna kiton idan suga ya haura 240 mg/dL, wato kimanin 13 mmol/L, ko ana amai, ko an kasa cin abinci. Ƙasa da 0.6 lafiya ne. Daga 0.6 zuwa 1.5, a sha ruwa a sake awo bayan awa biyu. Daga 1.6 zuwa sama, a nemi likita a ranar. Idan ya kai 3.0, ko tsinken fitsari ya yi duhu sosai, ko ga amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, ko ruɗewa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Babban asibitin Jega ko na Aliero su ne matakin farko, daga nan ana iya turawa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kada a tsaya jiƙa magani a gida.

Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kada su shiga wannan tsarin, domin DKA na iya kama su alhali suga bai hau ba. Masu allurar insulin ko shan glibenclamide da gliclazide kuwa, haɗarinsu faɗuwar suga ne, sai likita ya gyara adadin magani kafin a rage abinci. Mai juna biyu, mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda ko hanta, su ma sai da izinin likita. Haɗa tsarin da azumin Ramadan batu ne da za a tattauna a asibiti tun kafin watan ya kama.

Abin da ke karya gwiwa

A makon farko nauyi kan sauka da sauri, amma yawancinsa ruwa ne. Idan saukar ta lafa, sai mutum ya ɗauka tsarin ya daina aiki. Haka kuma bayan wasu makonni launin tsinken fitsari kan dushe, domin jiki ya saba ƙona kiton maimakon zubar da shi. Ciwon kai, kasala da taurin bayan gida na kwanakin farko sukan wuce da shan ruwa da yawan ganye.

Ya fi kyau a samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta sugan safe, faɗin ƙugu sau ɗaya a mako, da hawan jini, sannan a yi gwajin HbA1c duk wata uku. A yi ƙoƙari faɗin ƙugu ya gaza rabin tsayin mutum. Waɗannan su likita zai duba.

Babbar jarrabawa ita ce kwano ɗaya da iyali, da biki da suna. A sanar da mai girki tun farko, a yawaita miya a rage tuwo. Miyar kuka, kuɓewa, kwaɗon zogale ko rama, ƙwai, kifi, wake daidai gwargwado, gyaɗa da nono marar suga duk suna kasuwar Jega, albasar Aliero kuma ta isa ta gyara ɗanɗano ba tare da tula dunƙule ba, abin da mai hawan jini ke buƙata. Idan an ci shinkafar biki, a koma tsari a abinci na gaba, kada a rama da yinin yunwa, musamman ga mai shan maganin suga.