Tarihin Sinadaran Hana Kamun Wuta a Fenti, Gam da Ruwan Roba

Sinadaran hana kamun wuta haɗe-haɗe ne da ake shafawa a jikin katako, ƙarfe ko yadi, ko a cakuɗa su cikin fenti, gam da ruwan roba, domin wuta ta yi nawar kamawa, in ma ta kama ta kasa yaɗuwa da sauri. Ba sa mayar da abu ya gagari wuta ɗungurungum. Aikinsu shi ne su jinkirta ta har jama'a su fice, 'yan kwana-kwana su iso.

Dabarar ta daɗe. Marubucin Rum Aulus Gellius ya ruwaito cewa wajen shekara ta 86 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da janar ɗin Rum Sulla ya yi wa tashar jiragen ruwa ta Piraeus ƙawanya a Girka, ya kasa ƙona wata hasumiyar katako saboda an shafe ta da alif, wannan dai da ake tace ruwa da shi. Sai dai gidajen wasan kwaikwayo na Turai ne suka mayar da abin fannin bincike, domin a can ne labule da katako ke kwana kusa da kyandir da fitilar mai. A 1735 Obadiah Wyld ya yi rajistar wani haɗi na alif da boraks a Ingila. A 1821 masanin sinadarai na Faransa Gay-Lussac ya nuna cewa amoniyam fosfet da boraks suna kare yadi sosai, kuma har gobe ana amfani da su. Illarsu ɗaya, wanki yana tafiya da su. William Henry Perkin ƙarami ne ya magance wannan a Manchester wajen 1912, da ya samo hanyar dasa sinadarin kuza cikin zaren auduga.

Gobarar Hartford ta Amurka a 1944 ta nuna cewa abin da aka shafa wa yadi yana iya zama ajalin jama'a. An shafe tamfol ɗin wani katafaren tantin wasa da kakin farafin da aka narka cikin fetur don kada ruwan sama ya ratsa. Da wuta ta kama, mutum fiye da 160 suka halaka cikin 'yan mintuna. Abin takaici, a daidai wannan zamani ana shafe tantunan sojojin yaƙin duniya na biyu da farafin mai kulorin haɗe da antimoni, wanda ke tare ruwa da wuta gaba ɗaya.

Babban ci gaba a masana'antu shi ne fenti mai kumbura, wanda aka fara rajistarsa a ƙarshen shekarun 1930. Ƙarfe ba ya cin wuta, amma idan zafi ya kai kusan digiri 550 yana rasa wajen rabin ƙarfinsa, ginshiƙai su lanƙwashe, rufi ya rufto. Wannan fenti a ido ba shi da bambanci da sauran fenti. Da zafi ya haura digiri 200, sai sinadaran cikinsa su fara aiki: ɗaya ya saki asid, ɗaya ya zama gawayi, na uku ya fitar da iskar da ke hura gawayin, har shafin ya tashi kamar ƙullin burodi, ya ninka kaurinsa sau da yawa. Wannan ɓawon ne ke tsare ƙarfe na minti 30, 60 ko 120, gwargwadon kaurin da aka shafa. Bayan gobarar dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa a 1988, inda mutum 167 suka rasu, an ƙara matsa wa kamfanonin mai lamba kan irin wannan kariya.

A ɓangaren ruwan roba, wanda ake shafawa a bayan kafet da yadin kujeru don ya riƙe zare, an fi zuba aluminiyam haidiroksaid. Idan ya ji zafi yana sakin ruwa da ya kai kusan sulusin nauyinsa, ya sanyaya wurin. Gam ɗin da ake manna allunan jiragen sama da na ƙasa shi ma ana sa masa irin wannan ko sinadaran fosfaras.

Nasarar ba ta zo kyauta ba. Asbestos da ake fesa wa ginshiƙai ya zamo mai haddasa ciwon daji, Amurka ta hana fesa shi a 1973. A wannan shekarar ce kuma aka yi kuskuren cakuɗa wani sinadarin hana kamun wuta mai buromin cikin abincin dabbobi a jihar Michigan, aka hallaka dubban shanu, gubar kuma ta shiga jikin mutane. Daga baya bincike ya nuna cewa dangin wannan sinadari mai buromin ba sa ruɓewa, suna taruwa a ƙurar ɗaki, a kitsen jiki, har a nonon uwa. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Nijeriya da Nijar suke cikinta, ta sanya wasu daga cikinsu a jerin haramtattu a 2009, 2013 da 2017. Masana'antu sun karkata zuwa haɗe-haɗen fosfaras, naitirojin da ma'adinai, amma tsofaffin kujeru, kafet da kayan lantarki da aka ƙera kafin haramcin suna nan ɗauke da sinadaran farko.