Gumba da waina: abincin sadakar mamaci a Nguru da Gashua

Da mahaifiyarmu ta rasu a Gashua, Allah ya jiƙan ta, 'yata haifaffiyar Agege ta tambaye ni me ya sa mata suka wuni suna daka. Na ga yaranmu na kudu da yawa ba su san wannan ba.

A Nguru da Gashua, kamar a ƙasar Hausa, ana sadakar mamaci ranar uku, bakwai da arba'in, kuma gumba da waina aka fi rabawa. Gumba gero ne ake surfawa, a wanke, a daka da citta, kanumfari da sukari ko zuma, a dunƙula. Waina kuwa ƙullun shinkafa ko gero ne da ya kwana ya tashi, a soya a tanda. Yara da almajirai ake fara ba, sannan a aika wa maƙwabta.

Ba mu kaɗai ba ne. Yarbawa ƙosai suke rabawa ranar fidau. A Meksiko, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, ana gasa burodi mai zaƙi, pan de muerto, mai siffar ƙasusuwa a samansa, a ajiye wa mamata. Mu kam ba mamaci muke ajiye wa ba. Mai rai ke ci, mu roƙi Allah ya kai ladan kabari.

Wasu malamai na ganin ƙayyade ranakun bidi'a ne, amma ba su hana sadakar ba. In gero ya yi tsada a nan Legas, mudu ɗaya ma ya isa.