Tsarin Mulkin 1979: Salon Amurka da Gwajinsa na Farko a Kano

Tsarin mulkin 1979 ne ya raba Nijeriya da salon firaminista na Ingila, ya ɗora ta kan na shugaban ƙasa mai cikakken iko, irin wanda Amurka ta tsara a Filadelfiya a 1787. Sai dai Nijeriya ta gindaya sharaɗin da Amurka ba ta da shi: tilas mai nasara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi.

A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, jihohi 19 ne. Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Obafemi Awolowo ya garzaya kotu. Kotun Ƙoli ta amince cewa adadin da ake nema shi ne jihohi 12 da biyu bisa uku, don haka rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'un Kano ya wadatar, kuma Shagari ya zarce hakan.

Sharaɗin yana nan a sashe na 134 na tsarin mulkin 1999.