Yaɓen Siminti a Kan Bangon Ƙasa

Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Gure a ƙarshen 1852, garin ne mazaunin Sarkin Muniyo, kuma daga nan har Damagaram babu maginin da ya san siminti. Da ƙasa ake gini, da ƙasa ake yaɓe. A ƙasar Hausa sana'ar ta yi nisa ƙwarai: a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, a shafe bango da ita don ya jure ruwa, masu hali kuwa su rufe soro da laso, wato katsin marina haɗe da gashin jima da dafara. Da ginin ƙasa da gyara a kai a kai fadar Sarkin Damagaram da ke unguwar Birni ta kawo yau tun ƙarni na 19.

Bayan buɗe masana'antar siminti ta Malbaza a shekarun 1960 siminti ya yi ta yaɗuwa a Nijar, tare da wani zato da ya kama zukata: wai in an yaɓa shi a kan bangon ƙasa an huta da gyara har abada. Wannan kuskure ne. Ƙasa tana shan laima ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya bin ta, don haka ba a daɗewa sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa sumul take, har ranar da yaɓen zai ɓalle gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa yana zaizayewa a idon mai gida, ya gani ya gyara kafin damina. Ko a Amurka, inda aka fara lulluɓe gidajen katako da falankin roba a ƙarshen shekarun 1950, ana barin ƙananan ramuka a gindin kowane falanki domin ruwan da ya kutsa ya fita.

Wani zai ce yaɓe duk shekara wahala ce, gayya ta yi ƙaranci, kuma a ƙasar rairayi irin ta Gure sai an nemo laka mai kyau daga kwari. Zai ƙara da cewa ruwan 2024 ya rushe gidajen ƙasa masu yawa, har da tsohon masallacin Birni a Damagaram a watan Satumba. Duk gaskiya ne, kuma wanda ke da kuɗin bulo da siminti tun daga tushe bai yi laifi ba. Sai dai bangon ƙasa yakan mutu ne ta gindi da ta sama, inda ruwa ya kwanta ko indararo ya toshe, kuma ɓawon siminti ba ya maganin ko ɗaya. Mai gidan ƙasa da ya tara kuɗin siminti buhu biyar, gara ya ɗaga dakali a gindin bango, ya tsawaita indararo, sauran ya biya magini ya yaɓa masa ƙasa.