Ƙato da Ƙarami a Filin Kokawa

Iyayenmu da suka biyo jirgin ƙasa da fataucin doya suka zauna nan Agyaragu sun zo da kokawarsu, amma ba su zo da sikeli ba. A da, bayan kaka, ido ne ke haɗa kokawa: wane sa'an wane ne, shi ke nan.

Abin da muka gani tun muna yara shi ne, yaro mai jiki yakan yi saurin suna. Ya rungumo, ya danne, an tashi. To, daga nan sai ya ƙi koyon komai. Ƙaramin kuwa, da yake kullum shi ke shan ƙasa, dole ya koyi shigar ƙafa da goce wa kamu. Ran da sa'o'in ƙaton suka kamo shi a girma, sai ka ga hannunsa wayam.

Turawa ma sun gani. A Amurka, a gasar UFC ta farko, 1993, Royce Gracie ɗan Burazil, mai kilo 80 ko kusa, ya gama da waɗanda suka fi shi jiki. Amma fa daga baya aka fara raba aji bisa nauyi a 1997. A Nijar kuwa, gasar takobi da aka soma a Tawa a 1975 ba ta auna kowa.

Mu dai bara mun ga yaro ɗan shekara 14 ya karye a kafaɗa, don an haɗa shi da ɗan dako. Sikelin kasuwa na nan. Kafin kokawar Sallah, ƙungiya ta aro shi.