Tarakta Ba Ta Hutun Hunturu: Daga Ƙanƙarar Kanada Zuwa Fadamar Wurno Da Goronyo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau zan fara ne da wani abu da ba mu da shi sam: dusar ƙanƙara. A Kanada da arewacin Amurka, da an gama girbi sanyi ya kama, manomi ba ya ajiye ƙaramar taraktarsa. Sai ya canza mata kaya. Ya ɗaura mata faffaɗan ƙarfe a gaba na ture ƙanƙara, ko wani inji a baya mai kwasarta yana watsarwa gefe. Ya sa wa tayoyi sarƙa don kar su zame, ya ƙara mata nauyi, ya zuba man da ba ya daskarewa. Motar da ta yi huɗa da bazara, ita ce ke buɗe hanya da hunturu.

Za ku ce, to mu ina ruwanmu? Ku biyo ni. Tarihin tarakta a gabashin Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, tarihi ne na sayen inji a manta da abin da ake ɗaura masa.

Asalin wannan dabara ta canza kaya, wani mutumin Ailan ne mai suna Harry Ferguson. A 1926 ya yi rajistar fasahar haɗa garma da tarakta ta zama kamar jiki ɗaya, wadda daga baya ta zama maƙala mai hannu uku da kuke gani a bayan kowace tarakta. A 1939 kamfanin Ford ya fitar da tarakta mai wannan tsari, a 1946 kuma aka fara ƙera ƙaramar Ferguson TE20 a Ingila, har aka yi sama da 500,000 cikin shekara goma. Sunansa ne a jikin jajayen Massey Ferguson da muka tashi muna gani. Akwai kuma wani sandan ƙarfe mai juyawa a bayan motar, wanda ke ba wani injin ƙarfi. Da waɗannan biyun, mota ɗaya za ta yi huɗa yau, gobe ta ja ruwa, jibi ta yi sussuka.

Yanzu mu dawo gida. Noman fadama a kwarin Rima ya girmi tarakta nesa ba kusa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno a matsayin ribaɗi, yana ƙarfafa mutane su zauna wuri guda su yi noma da sana'a, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Kakanninmu da fartanya da jigo suka riƙa fitar da albasa da shinkafa daga wannan laka. Turawa sun fara yaɗa garmar shanu a Arewa a ƙarshen shekarun 1920. Sa'ilin da Sardauna Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, ƙarfin ɗan Adam da na dabba ne duk abin da manomi ke da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai zazzaɓin inji ya kama Turawan mulki. Suka kai manyan motoci Tanganyika don noman gyaɗa a 1947, aka yi asarar da har yau ake ba da labarinta. Suka buɗe wani aikin a Mokwa a 1949, ya ruguje a 1954. Lardin Sakkwato ma ya samu rabonsa: a farkon shekarun 1950 an kawo taraktoci suna huɗar fadamu don shinkafa, manomi ya biya kuɗin huɗa. Shi ma bai yi nisan kwana ba. Ku duba lissafin da kanku. Mota mai tsada, kayan gyaranta sai an yo oda daga Turai, ga shi aikinta na 'yan makonni ne a shekara. Sauran watannin tana zaune rana tana dukanta. Ko jaki ne ka ajiye haka, ai cin ka zai yi.

Da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka koma ga manyan ayyuka. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, sai na Shagari a 1980. Har haɗa taraktoci aka yi a Bauchi da Kano. Aka gama madatsar Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992: tsawonta kilomita 12.5, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Wurno kuma an yi mata nata aikin ban-ruwa daga madatsar Lugu. Ma'ana, ruwan noman rani ya samu.

Amma me ya faru da motocin? Duk wanda ya taɓa leƙa harabar ma'aikatar gona ko sakatariyar ƙaramar hukuma a Arewa ya ga amsar: taraktoci jere, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. An sayo su da garma da haro kawai, don huɗar damina. Kowa na son ta a mako guda, farkon ruwa, sai mai hanya ya samu. Da an yi shuka kuma, shi ke nan, sai baɗi.

Abin da ya fi canza rayuwar mai noman rani ba babbar mota ba ce. Ƙaramin injin ban-ruwa ne da rijiyar burtsatse, waɗanda shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara yaɗawa daga 1993. Me ya sa ya karɓu? Mutum ɗaya na iya sayensa, ya ɗora a babur, makanikin ƙauye ya gyara shi. Wannan darasi ne babba, kuma shi ya sa nake ganin ƙaramar tarakta, ko ma mai ƙafa biyu da ake bi a baya, ta fi dacewa da ƙananan gonakin fadama inda babba ba ta da wurin juyawa.

To mene ne tamu ƙanƙarar? Laka da rairayi. Ambaliyar 2010 ta ci ƙauyuka da gonaki a yankin Goronyo da ƙasa da shi, kuma ko a shekarar da ba a yi irin wannan ba, damina kan bar magudanan ruwa a cushe, hanyoyin gona a zaizaye, fili ya yi tudu da kwari. Daga Nuwamba, lokacin da ake son shuka alkama da dasa albasa da tafarnuwa, wannan ne aikin da ke jiran manomi. Alkama kuwa sanyi take so. Ka makara da shuka, zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai, buhunanka su ragu.

Ga yadda za a yi wa ƙaramar tarakta shirin hunturu irin namu. Faffaɗan ƙarfen nan da Bature ke ture ƙanƙara da shi, shi ne zai baje fili ruwa ya kai ko'ina daidai, ya kuma gyara hanya. Garmar yanka kwari ta buɗe magudana. In ƙasa na da danshi, maimakon sarƙa sai ƙafafun ƙarfe masu hana nutsewa. Sandan baya ya juya famfo ko injin casar shinkafa. Tirela ta fitar da albasa zuwa bakin titi. Ita motar kuma, maƙiyinta a nan ƙura ce: matatar iska na son a duba ta kullum lokacin hazo, a kakkaɓe lagireto, a tace man dizal kafin a zuba. Da yawan injinan da aka ce sun mutu, ƙura suka sha.

Ban manta da matsalar tsaro ba. Akwai garuruwa a Rabah da Goronyo da Wurno inda zuwa gona kansa ya zama kasada, kuma babu injin da zai warware wannan. Tsadar mai ma tana nan. Sai dai duka biyun ƙarin dalili ne na kada a bar mota mai tsada tana aikin wata biyu kacal. Matasa goma da suka haɗa kuɗi suka sayi ƙaramar mota da kayanta huɗu, za su samu haya damina da rani. Makera da masu walda na garin kuma suna iya ƙera tirela da ƙarfen baje ƙasa, kuɗin ya tsaya a gida.

Saboda haka duk ranar da kuka ji an ce an raba taraktoci, ana ta ɗaukar hoto, ku yi tambaya uku. Da wane kaya ta zo? Ina kayan gyaranta, wa zai gyara? Kuma me za ta yi a watan Janairu?

'Yan Wurno, Rabah da Goronyo, ku faɗa mana yadda haya take a garinku bana. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a noman rani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.